Buhu Biyar Kowane Mutum

Bi Mwanahawa ta ɗaga butar shayin, ta ji ta da nauyi yadda ta ɗora ta tun safe, ta yi tsaki ta dire. Mandazi, irin fanken nan na cin shayi, na nan cikin faranti, ƙudaje ne kawai ke gaishe su. Dakalin ƙofar shagonta, wanda magina da kafintoci da masu fenti suka yi shekaru suna gogewa da mazaunansu suna jiran aiki, yau akuya ce kwance a kai.

Shayin nan dai ba sadaka ba ne. Kaf garin Tanga ba mai gini da ke sayen ko ƙusa da kansa, inda fundinsa, wato mai yi masa aikin, ya nuna nan yake zuwa. Fundi kuwa inda yake zama nan yake nunawa. To tun da aka buɗe ƙaton kantin kayan ginin nan na tsallaken titi, mai bangon gilashi da sanyi kamar ɗakin ajiye gawa, suka watse. Ita Firiji take kiran wurin. An raba musu riga ruwan lemu da hula da wani kati, shi ke nan, manya-manyan maza masu jikoki suka bi kamar an watsa wa kaji tsaba.

Sai ga babbansu zai wuce, yana sunkuyar da kai.

"Fundi Mrisho! An ba ka riga ka manta hanyar gaisuwa?"

Ya tsaya yana sosa ƙeya. "Haba Mama Kombo, ai yanzu nake shirin shigowa."

"Da ƙeya kake shigowa? Dube ka don Allah, gemu fari, ka yi shiga kamar kwalbar lemu. Matarka ta gan ka haka ta bar ka ka fito?"

Ya yi dariyar yaƙe. "Mama, ba ƙin ki muka yi ba, zamani ne. Sun karya farashin siminti, wallahi ko dila ba ya ba ki haka. Yau ce ranar ƙarshe. Ni kuma gobe da sassafe za mu zuba kankaren bene a gidan Mzee Hemedi. In an yi la'asar zai turo kuɗi ta waya, in kwashi leburorina mu je mu ɗauko."

"Allah ya ba da sa'a," ta ce, murya a bushe.

Ta bi bayansa da harara. Ba sai an faɗa mata ba: wanda ya sayar da siminti shi zai sayar da rodi, shi zai sayar da kwano da ƙusa da fenti har ƙofar banɗaki. Kuma inda Mrisho ya sa ƙafa nan sauran ke sawa. In aikin Mzee Hemedi ya tsallaka titin nan, to ta fara neman mai sayen kantocin shagonta. Shagon da ta riƙe ita kaɗai tun rasuwar baban Kombo, ta ciyar da 'ya'ya biyar a cikinsa!

Ta ja lulluɓinta, ta kira 'yarta. "Zuhura, zauna a shago. Bari in je in ga Firijin nan da idona."

Ta yi bisimilla ta shiga da ƙafar hagu, yadda ake shiga banɗaki. Ai kuwa ba ta yi kuskure ba, don abin da ta fara cin karo da shi masai ne farare jere a fili, an haske su da fitila, wani mutum da matarsa suna shafawa ba ko kunya. Ƙusa kuwa an ɗaure ta 'yan ƙwayoyi a leda kamar alewa. Ba ciniki, ba "ina kwana", ba "ya jikin tsohuwa". Kowa na tura keken ƙarfe yana zazzare ido.

Can baya ta iske simintin. An ci shi sosai, abin da ya rage bai fi lodin mota guda ba. Ga wani allo a rataye. Ta yafito wata yarinya mai riga ruwan lemu.

"'Yar nan, me aka rubuta a nan?"

"Buhu biyar kowane mutum, Mama. Don kada 'yan kasuwa su kwashe."

"Allah sarki, sun yi tunani. Kowane mutum? Har mace?"

"Kowa da kowa."

"Har tsohuwa?"

Yarinyar ta yi dariya. "In dai tana numfashi, Mama."

Tun kafin ta gama tsallake titi ta kira Bi Kidawa, uwar ƙungiyarsu ta matan unguwa, masu girkin biki da na zaman makoki, masu karatun maulidi. Kira ɗaya ake musu su cika gida.

"Innalillahi! Wa ya rasu?" in ji Bi Kidawa.

"Ba wanda ya rasu tukuna, shagona ne ke numfashi sama-sama. Ki tara min mata, ana sallame azahar. Kuɗin adashen da na kwasa jiya, yau zai yi aikinsa."

Ana idar da sallah suka ɓullo ta kan kwana, baƙaƙen lulluɓi sun fi arba'in, wasu da goyo, wasu da carbi, har da kakar wata mai dogara sanda. Mai gadin Firiji ya miƙe tsaye ya cire hula, ya zaci gawa za a wuce da ita.

Bi Mwanahawa ta tsaya a bakin ƙofa tana danƙa wa kowace kuɗin buhu biyar. Wata Bi Tatu ta matso tana raɗa. "Yaya, in na fito sai in rufe fuska in sake komawa. Wa zai gane?"

"Allah zai gane. Biyar suka ce, biyar za ki ɗauka. Ni ba na cin haram, ko ta Firiji ce."

Aka yi ta fama. Kekunan ƙarfe na karo da juna, mata na kiran sunan juna daga wannan lungu zuwa wancan, wata ta zauna kan masai tana shayar da jariri. Masu bajaji, keke mai ƙafa uku, suka ji labari suka yi layi, daga ƙofar kanti zuwa ƙofar shagonta tsallaken titi ne kawai, amma haka suka yi ta jigila suna wa juna dariya.

Sai ga manajan ya fito da gudu, wani yaro ɗan gayu mai suna Lyimo, taye ya shaƙe masa wuya. Ta gyara tsayuwa, ta shirya masa baƙar magana. Ashe murna ce ta fito da shi.

"Mama! Ke ce shugabarsu? Mata masu gina ƙasa! Don Allah hoto ɗaya, manyanmu na birnin Dar sai sun ga wannan!"

"Ba na hoto."

"To ga katinmu na zinariya, na manyan abokan ciniki. Duk wata garaɓasa ke za ki fara ji, kawo lambarki."

Ta karɓi katin da yatsu biyu kamar an miƙo mata mataccen ɓera. Zuhura, da ta leƙo kallo, ita ta ba shi lambar.

Rana ta yi sanyi lokacin da Fundi Mrisho ya tsallako, leburori na biye da shi, motar haya na tsaye fanko a ƙofar Firiji. Ya tsaya yana kallon buhunan da suka cika shagon har bakin dakali.

"Mama Kombo... sun ce ya ƙare. Sai mako mai zuwa, kuma da tsohon farashi."

"Ayya! Ba su ba ka wata hular ka haɗa kankaren da ita ba?"

"Mama, na riga na kira ma'aikata. In ban zuba gobe ba Mzee Hemedi zai kore ni."

"Zauna mana."

Ya kori akuyar ya zauna.

"Juya rigar nan tukuna, tana sa ni ciwon ido."

A gaban leburorinsa ya tuɓe, ya juya ta bai-bai, ya mayar. Ta zuba masa shayin safe, mai sanyi, ya shanye tas.

"Ba zan tsuga maka ba, ina tsoron Allah. Abin da na sa a kai kaɗan ne. Amma rodin bene na gaba, da kwano, da ƙusa, da fenti, duk a nan."

"Duk a nan, Mama."

"Kuma gobe in ga sauran 'yan uwanka a dakalin nan. Ba akuya na dafa wa shayi ba."

Da aka gama lodi motar ta tashi, ta tsaya a ƙofa tana kallon gilashin tsallake, an kunna masa fitilu tun ba a kira magariba ba. Ta tofar da yawu.

"Allah wadai. Kasuwar da ba ta san fuskar mutum ba."

Wayarta ta yi ƙara. Ta miƙa wa Zuhura.

"Su ne, Mama. Wai ranar Asabar za su karya farashin fenti."

Bi Mwanahawa ta ja dogon tsaki. Ta ɗauki katin daga kan kanta inda ta yasar da shi, ta goge shi da gefen lulluɓi, ta tura cikin jaka kusa da carbinta.

"Gwangwani nawa suka ce kowane mutum?"