Jita Biyu a Cocin Ƙarfi

Sulemanu manomi ne a Ƙarfi, kuma shi ne mai ba da waƙa a cocinsu. Tun yana makarantar mishan a Malumfashi ya koyi kaɗa jita, da tsohuwar jitar katakon da ya taho da ita daga can yake raka mawaƙa duk Lahadi. Aibinta ɗaya ne. Da zarar matan zumuntar coci sun fara buga tulu suna kaɗa caki, sai muryarta ta nutse. Mutane su riƙa ganin hannunsa yana motsi, ba mai jin komai.

A kakar 1979 auduga ta yi kyau. Da ya kai tasa aka auna aka sallame shi, ya ce wa matarsa Mairamu zai shiga Funtuwa ya sayo jita mai aiki da lantarki.

"Mu da ba mu da wuta?" in ji ta.

"Da batirin mota ma tana yi. Na gani a Malumfashi."

"To, Allah ya kiyaye hanya. Ka dai tuna da takin baɗi."

Shagon da ya nufa na Benedict ne, wani Ibo haifaffen Funtuwa mai sayar da rediyo da kaset, wanda in yana Hausa ba ka ce ba Bakatsine ba ne. Jita biyu ke gare shi. Ɗaya tana rataye a ƙusa, ruwan ƙasa, ba ta da wani ado. Ɗayar ja ce, tana kwance cikin akwatinta mai shimfiɗar karammiski.

"Malam Sule, ba zan ɓoye maka ba," in ji Benedict. "Jar nan ta fi. Katakonta ya fi, wayoyinta sun fi laushi, in ka ɗaure su ba sa saurin kwancewa. Amma kuɗinta zai sayi bijimin huɗa. Taɓa duka biyun ka ji."

Ya jona masa su a akwatin sauti. Sulemanu ya fara da jar. Yatsunsa suka riƙa tafiya a kanta kamar ba sa taɓa komai, sautin kuma ya fito garau, har wani mai sayen batir ya tsaya a bakin ƙofa yana saurare. Da ya koma kan ta ƙusar sai ya ji bambancin nan take. Wayoyinta sun yi nisa da wuyan, sai an danne da ƙarfi, ga wani ɗan gunji da ke biyo sautin. Ya daɗe yana kallon jar. Sannan ya ce a naɗe masa ta ƙusar, a haɗa da ƙaramin akwatin sauti.

"Ba ka yi asara ba," in ji Benedict. "Jaki ma yana kai kaya kasuwa."

Watannin farko jitar ta ba shi wahala. Ba ya gama waƙa biyu sai ya tsaya ya sake ɗaure waya, jama'a suna jira. Gunjin kuwa in coci ya yi tsit lokacin addu'a har baya ana jin sa. Ya ɗora ta a keke ya kai wa Lateef, mai gyaran rediyo a Malumfashi. Lateef ya buɗe cikinta, ya sake liƙe wata waya da darma, ya goge inda wayoyin ke zama har suka sauko kusa da wuyan. Gunjin bai tafi duka ba, amma ya ragu. Daga nan duk Asabar Sulemanu yakan kai batir caji, ranar Lahadi kuma ko matan zumunta sun buga tulu yaya, ana jin jita.

A gida ba ta da wurin ajiya. A jingine take a bangon ɗaki, kusa da buhun gyaɗa. Wata rana da la'asar ya dawo gona ya tarar da Mairamu zaune a tabarma da jitar a cinya, tana taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe in ba a jona ta ba, raɗa take yi," in ji ta. "Ko maƙwabta ba su ji ni ba."

"Kina so ki koya?"

"In na karya fa?"

"Mu kai wa Lateef."

Ya zauna gefenta ya jera mata yatsu. Ta ce akwai zafi, ya ce kan yatsun zai yi kanta, kamar ta fartanya. Tun daga ranar, in ta sauke tuwo takan ɗauki jitar kafin duhu ya yi. Mairamu ta fi shi kunnen waƙa, ita ce ke ja wa matan zumunta baki, saboda haka ba ta sha wuya sosai ba. Kafin damina ta yi nisa tana iya raka waƙoƙin da ta fi so. Jitar ta sha hayaƙin murhu, ta sha hannun miya, ta taɓa faɗuwa ta sami tabo a gefe. Ba wanda ya yi faɗa.

Ana cikin yankan dawa sai ga Benedict a kan babur, da dogon akwati ɗaure a baya. Mahaifinsa ya rasu a kudu, zai rufe shago ya tafi, bai san yaushe zai dawo ba.

"Rediyoyi na bar wa maƙwabcina," in ji shi. "Jar jitar nan kuwa mai kaɗawa take so. In ta zauna a rufe wuyanta zai lanƙwashe. Ka riƙe mini, ka riƙa taɓa ta."

Sulemanu ya yi masa gaisuwar rashi, ya karɓi amanar da hannu biyu. Ya sa akwatin a ƙarƙashin gado, bisa bulo, saboda gara. Kafin ya buɗe sai ya wanke hannu. Daɗin kaɗa ta kuwa bai ragu ba, ko da yake da farko yakan danne wayoyin fiye da kima, don hannunsa ya saba da mai tauri. Mairamu ko kusa da akwatin ba ta zuwa. Da aka gayyace shi bikin aure a Bakori ya ciro jar, ya tuna da ramukan hanya da cunkoson mota, ya mayar da ita ya ɗauki tasa. Ya dawo da ita buɗu-buɗu, Mairamu ta goge ta da tsumma.

Da Kirsimeti ya matso, Sulemanu ya ce wa matarsa, "Akwatin sautin nan wurin jona jita biyu ke gare shi. Coci kuma da ƙafa ake zuwa, ba abin da zai sami jar. Ni in riƙe ta, ke ki riƙe tamu."

"A gaban mutane? Baban Judith, ka rufa mini asiri."

"Abin da kike yi a tsakar gida shi za ki yi."

Suka je wurin Fasto Abraham. Ya ce shi bai taɓa ganin mace da jita a coci ba, amma bai san inda aka hana ba. Ya ce a tambayi Mama Tasalla, shugabar zumuntar mata, don kada abin ya zo wa mata a bazata. Mama Tasalla tana sussukar dawa suka same ta.

"Tulun da muke bugawa ba kiɗa ba ne?" in ji ta. "Ki kaɗa, 'yata. In kin ɓata mu rufe ki da caki."

Ranar Kirsimeti coci ya cika har waje. Mairamu ta zauna a kan benci cikin zanen zumunta, ba ta ɗaga kai ba. A waƙar farko ta makara wajen sauya yatsu, matan suka ƙara ƙarfin tulu kamar yadda aka yi alkawari. A ta biyu ta natsu. Ita tana riƙe da gindin kiɗan, Sulemanu yana yawo a sama da jar, muryoyin biyu suka zauna da juna. Da aka tashi, mata suka kewaye ta suna duba yatsunta. Wata ta ce a ba ta ta riƙe, aka ba ta, jitar ta yi ta zagaye hannuwa. Sulemanu kuwa ya riga ya mayar da jar cikin akwati ya danne marfin.

Benedict ya dawo kusa da Ista. Ya zo Ƙarfi ranar Lahadi, ya zauna a baya har aka gama sujada, sannan suka wuce gida Mairamu ta kawo fura.

"Malam Sule, jar nan ta dace da hannunka," in ji shi. "In kana so zan rage maka sosai."

Sulemanu ya dubi matarsa. Ta ce, "In ranka yana so, ka saya. Ba zan hana ka ba."

"Raina yana so," in ji Sulemanu. "Amma tun da ta shigo gidan nan, ko ɗigon ruwa na ji a rufi sai gabana ya faɗi. Ka kai ta inda za ta riƙa kwana a ɗakin siminti. Mu kuwa, ka samo mana irin tamu guda, mu zama da biyu."

Haka aka yi. Ba a daɗe ba wasu makaɗa daga Kaduna suka sayi jar. Benedict ya yi odar masu araha, cocin Bakori ya sayi ɗaya, wasu ƙauyuka suka biyo baya. Mata uku a Ƙarfi suka fara zuwa wurin Mairamu koyo ranar Laraba bayan taron zumunta.

Sulemanu ya yi kewar jar, bai kuma ɓoye ba. Wani lokaci in ya kai wani wuri a waƙa sai ya ɗan girgiza kai.

"Ka tuna da ita ke nan," in ji Mairamu wata rana suna gwaji a tsakar gida.

"A nan wurin takan ja sautin ya daɗe."

"To ni zan ja da murya. Sake daga farko."