Godiyar Kudrna

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da littafin tarihin ƙauyenmu. Ni ba mai digiri ba ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, an ba ni aikin ne don rubutun hannuna yana karantuwa. Kowace shekara nakan tsara abin da ya faru a takarda, majalisar ƙauye ta duba ta amince, sannan in kwafa da tawada cikin babban littafin. Abin da ya shiga ciki ba a goge shi.

A bana shugaban ƙauye, Zbynek Holas, ya ce yana son shafi guda na maganganun da mu kaɗai muke yi, a karanta ranar bikin kaka bayan an ci dinya da kabeji. Na tara wajen talatin, yawancinsu a kan naman kaza ne da giya da ruwan sama. Ya duba, ya ce na bar wadda ta fi kowacce daɗi: godiyar Kudrna.

Haka muke cewa idan an cuci mutum kuma ya buɗe baki ya gode. Makanike ya lalata maka mota ka ce masa sannu da aiki, to ka yi godiyar Kudrna. Ni ma na sha faɗa tun ina ƙarami, ban taɓa tambayar wane ne Kudrna ba, alhali 'yarsa Jarmila tana zaune gida na uku daga coci, ta kusa tamanin.

Na same ta a bayan gida tana yanka tuffa za ta busar. Na yi ta kame-kame har ta gaji, ta ce in zauna in faɗi abin da ya kawo ni. Da na faɗa, ba ta ajiye wuƙar ba. Ta ce a shekarar da gwamnati ta haɗe gonakin ƙauye suka zama gandu ɗaya, babanta ne na ƙarshe da ya ƙi shiga. 'Yan kwamitin haɗe gonaki suka kwashe dawakinsa biyu da gonar. Wannan bai ishe su ba, sai aka tara ƙauye a zauren mashaya, 'yan kwamitin suna zaune a teburi, aka tsayar da shi a kan kujera ya gode musu da suka sauke masa nauyi. Muryarsa ba ta fita, aka sa ya maimaita sau uku. Ita tana bakin ƙofa, shekararta tara. Ta ce ba baƙi daga birni ba ne suka yi dariya, maƙwabta ne.

Na tambaye ta ko in bar maganar, kada ta shiga littafin.

"Rubuta, Vendelin," ta ce. "Shekara saba'in kuna faɗa a gabana, yau ne za ka ji kunyata? Amma ka sa sunayen waɗanda suka zauna a teburin."

Ta lissafa mini mutum biyar. Na biyu kakan Zbynek ne. Na huɗu babana.

Kwana uku abinci ba ya yi mini daɗi. Babana ne ya koya mini maganar, yakan faɗe ta a kan tebur yana goge kumfar giya daga gashin baki, mu kuma mu bushe da dariya. Na yi ta auna abin. Matattu ba sa iya kare kansu, wataƙila su ma tsoro ne ya zaunar da su a teburin. Amma tsoro bai hana kowa yin shiru daga baya ba, kuma ba su yi shirun ba, sun mayar da abin kayan hira sun ba 'ya'yansu gado. Na rubuta shafin da sunaye biyar.

Ranar majalisa mutum bakwai suka zauna, na karanta musu. Zbynek ya yi murmushi, ya ce lallai malam marubuci ya zama alƙali da tsufansa. Wata ta ce biki ne, ba zaman makoki ba. Wani ya ce maganar ta daɗe da rabuwa da mai ita, yanzu ta kowa ce, kamar rijiyar dandali. Suka ce a bar maganar da ma'anarta, a cire labarin kujera da sunayen. Har ɗaya ya kawo shawarar a zana ɗan mutum yana rusunawa a gefen shafin don yara.

Na ce hannuna ba zai kwafa rabi ba, ko duka ko babu.

"To babu," in ji Zbynek. "Ka ga an huta."

Hannu bakwai suka tashi, aka wuce zuwa batun gyaran magudanar ruwa.

Washegari na kai wa Jarmila takardar, na gaya mata ba za ta shiga littafin ba. Ba ta yi mamaki ba. Ta sa tabarau ta karanta a hankali, tana bin layi da yatsa, sannan ta ce in ba ta biro. A ƙasan suna na biyar ta ƙara ɗaya: Oldrich Mraz, mijinta marigayi. Ta ce shi ba ya teburin, saurayi ne a lokacin, shi ya riƙe kujerar don kada ta faɗi. Ta zauna da shi shekara arba'in da ɗaya, kuma ya fi kowa iya kwaikwayon muryar babanta.

Ta ninke takardar, ta sa a aljihun rigar aikinta, ta ce in ja mata ƙofar lambu idan zan fita, kaji suna shigowa.