Minti Talatin Bai Ishi Baba Tak Ba

Ranar Litinin da hantsi aka kira Haerim daga wani gidan kula da tsofaffi a Gyeongsan. Ita ta gina musu shafin intanet da dangi ke rubuta wasiƙa, a buga ta a takarda da safe, a ɗora a gefen farantin karin kumallo. Ma'aikaciyar jinya ta ce akwai wata tsohuwa, Iya Bong, yau kwana tara ba ta ga wasiƙar mijinta ba, har ta daina taɓa shinkafarta. Mijin kuwa, Baba Tak, yana gida da karayar ƙugu, ya rantse kullum sai ya aika.

Ta buɗe rajistar sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin. Ga shi nan kuwa. Kullum ƙarfe biyu na rana yake shiga, sabar ta ba burauzarsa, manhajar da yake buɗe shafin da ita, kuki, 'yar shaidar da take gane shi da ita. Daga nan shiru, sai uku da kwata ya danna "aika". Alhali kukin nan minti talatin ne ransa. Kafin tsohon ya gama ya mutu, sai sabar ta ɗauke shi baƙo, ta zubar da rubutun, ta mayar da shi shafin shiga, inda aka rubuta "Mun gode da ziyara". Wa zai ga wannan ya ce saƙonsa bai tafi ba?

Kwana tara ke nan da ta rage lokacin daga awa biyu, wai don tsaro. Ta gwada kuwa, har sau uku. Da yatsunta goma, cikin minti guda.

Seok, babbanta a ofis, ya leƙo riƙe da shayin sha'ir, yana tambaya ko littafi tsohon yake wallafawa. Da ya ga idonta ya ciko, sai ya ajiye mata kofin ya koma kujerarsa.

Gyaran bai ba ta wuya ba. Ta sa shafin ya riƙa sabunta kukin muddin ana rubutu, ya kuma adana kowane layi. Kiran Baba Tak a waya ne ya gagare ta, sai a karo na uku ta bari ta shiga.

"Kaka, ba laifinka ba ne, nawa ne. Kuma wasiƙun, ba zan iya dawo da su ba."

"Duka taran?"

"Duka."

 Ya ce, "To, ta Laraba dai gara da ta ɓata. Faɗa na yi mata a kan magani."

Ya gaya mata da yatsa ɗaya yake bugawa, ɗaya hannun riƙe da gilashin ƙara girman rubutu, kuma yakan tsaya ya nemo abin da zai ba matarsa dariya.

"Ke 'yar nan, injin naki ne ba shi da haƙuri? Shekara hamsin da ɗaya matar nan tana jira in gama magana."

"Yanzu zai jira, Kaka."

Ƙarfe biyu Baba Tak ya shiga shafin. Haerim ta naɗe hannuwanta a cinya tana kallon rajistar. Biyu da rabi ta wuce, sabar ba ta manta shi ba. Uku da minti ashirin wasiƙa ta faɗo, layi goma sha ɗaya. Ba ta karanta ba. Ta kira gidan tsofaffin, ta roƙi kada a bari sai safe. Ma'aikaciyar ta ce ai tuni tana tsaye a gaban injin bugawa.