Littattafan da Baba Ya Yage wa Bango

A gidansu an daɗe da manta sunanta na gaskiya, Ina-Zuwa kowa ke ce mata. Ummanta ce ta laƙaba mata, don ko gobara ta tashi a gidan, in dai akwai littafi a hannunta, amsarta ɗaya ce: "Ina zuwa." Kuma ba ta zuwa. Shekararta goma sha biyar, ta ƙona tukunya biyu, ta taɓa barin famfo a buɗe har ruwa ya gangara ɗakin maƙwabta.

Littattafan nata kuwa, kai, abin tausayi! Ko ɗaya babu mai bango. Babanta yana aiki a wata ma'ajiyar takarda da ke ƙarshen layin masana'antu, inda ake tara littattafan da suka ƙi sayuwa a kantuna. Aikinsa shi ne ya buɗe kwali, ya ɗauki littafi, ya fizge bangon gaba da na baya har da shafukan farko, ya jefa bangon a kwando guda, gangar jikin a wani. Bangon ana mayar wa kamfanin da ya buga, shaidar an lalata kayan. Sauran kuwa injin niƙa ke cinyewa. Dokar wurin mai tsanani ce: ko shafi ɗaya ba a fita da shi, wanda aka kama a ranar zai bar aiki. Amma lokaci-lokaci Baba yakan cusa guda ɗaya cikin rigar aikinsa, ya zo ya ajiye mata a kan gado. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada littafin ya kuskura ya leƙa ƙofar gida.

Haka ta karanta littattafai sun fi arba'in, duk labaran yara sa'anninta, ba ta san sunan ko ɗaya ba. In ƙawayenta na makaranta suna ta "kin karanta wane, kin karanta wancan," sai ta yi tsit kamar ba ta taɓa riƙe littafi ba. Ita da kanta take raɗa musu suna: na tagwayen da ba sa magana da juna, na yarinyar da ta gudu daga gasar ninƙaya.

Sai aka kawo na jirgin ƙasa.

Guda biyu ne, Baba ya kawo su mako ɗaya a tsakani. Labarin wata yarinya ce da ƙaninta ya ɓace a tasha, ita kuma ta kama sayar da shayi a cikin jirage, tana bin tarago-tarago da buta tana nemansa. Yaron yana da wani irin busasshen tari tun yana jariri, da shi take fatan gane shi. Ina-Zuwa ta cinye na ɗaya a kwana biyu, na biyu a yini guda, a tsaye, tana juya abinci da hannun hagu. A shafin ƙarshe yarinyar ta isa taragon ƙarshe, wanda kullum yake a kulle. Ta ɗora hannu a kan ƙofa, ta ji tari daga ciki. Sai farar takarda, da ɗan rubutu a ƙasa wai za a ƙarasa a littafi na uku.

Wallahi saura kaɗan ta jefa shi cikin tukunyar.

Tun daga ranar ba ta bar Baba ya huta ba. Da ya shigo za ta tare shi a ƙofa, ta karɓi jakarsa kamar 'yar kirki, idonta na kan ƙirjin rigarsa ko za ta ga ya yi tudu.

"Baba, sannu da zuwa. Ya zo?"

"Bai zo ba."

"Ka duba da kyau kuwa?"

"Ke, in je in zauna tukuna mana."

Wata takwas ana wannan. Ya kawo wasu littattafan, ta karanta su sama-sama, ba ta ji ɗanɗanonsu ba. Ta ba Umma labarin mai shayin ya fi sau goma suna wanke-wanke, har Umma ta ce in ta ƙara jin kalmar tarago za ta tura mata soso a baki. Baba kuwa a irin wannan lokaci yana zaune bakin ƙofa, ya tsoma hannayensa a roba mai ruwan ɗumi saboda takarda duk ta yayyanke masa yatsu, idonsa a rufe kamar mai gyangyaɗi.

Ta roƙi yayanta aron waya. Sai da ya ja mata rai, ya sa ta wanke masa takalma, sannan ya ba ta minti goma. To me za ta rubuta? Ba suna, ba marubuci. Yarinyar ma da bakinta take ba da labarin, "na yi, na je," ba inda aka faɗi sunanta. Ta rubuta "yarinya mai shayi a jirgin ƙasa," waya ta kawo mata tallan butoci da jadawalin jirage. Yayan ya leƙo, ya kwashe da dariya, ya fizge abarsa.

Ta je laburaren unguwa, ta ce na ukun wani littafi take nema. Mutumin da ke kan tebur ya saukar da tabarau zuwa kan hanci.

"Sunan littafin?"

"Ban sani ba."

"Wa ya rubuta?"

"Shi ma ban sani ba. Amma zan iya ba ka labarin tun daga..."

"Yarinya, nan ba wurin tatsuniya ba ne. Kawo na ɗayan in gani, yanzu in nemo miki."

Ga shi nan fa, abu mai sauƙi kamar shan ruwa. Tafiyar minti goma ce zuwa gida, littafin na ƙarƙashin filo. Amma duk mai aikin littattafai da ya ga littafi ba bango ya san daga ina ya fito, kuma tambaya ta gaba ita ce wa ya ba ki. Ta tsaya tana kallon mutumin. Ta ce ta ara wa wata, ta juya ta fita, ta tafi gida tana shurin duk gwangwanin da ta gani a hanya.

Ranar kam ta cika ta batse. Baba na shigowa, ko sannu ba ta yi masa ba.

"Baba, don Allah me zai hana ka bar mini ko shafin farko? Shafi ɗaya tak! Kullum sai ka kawo mini abu ba kai ba ƙafa. Kowa ya san sunan abin da yake karantawa, ban da ni. Yau har dariya aka kusa yi mini."

Umma ta daka mata tsawa daga kicin. "Ke! Babanki kike ɗaga wa murya? Mutum na sa aikinsa a haɗari saboda ke, wannan ce godiyar?"

Baba ya zauna ya tsoma hannu a ruwa. Karatunsa bai wuce na lambar kwali ba, ita ma ta sani, shi ya sa ba ta taɓa tambayarsa suna ba. Can ya ce, "Suna kam ban riƙe ba. Amma ai na san ta."

"Wa?"

"Mai butar. Koriyar riga ce a jikinta, ta yi mata yawa, ta naɗe hannu. Tana tsaye a ƙofar jirgi, ta ba mutum baya, ta ɗan waiwayo. Butar ja ce. A na biyun an yi mata ruwan sama, kuma ta rame." Ya juya yatsunsa cikin ruwan. "Kina tsammani da ka nake ɗauko miki? Sai na ga yarinya kamar ke a bango nake ɗauka."

Ina-Zuwa ta saki baki. Wata takwas tana haukar nema, ashe rabin amsar na zaune a bakin ƙofarsu yana jiƙa hannu! Haushin kanta ya kama ta, ya haɗu da na Baba da bai taɓa faɗa ba, ta rasa wanda za ta fara ji.

Washegari daga makaranta ba ta biya gida ba. Ta shiga kantin littattafai uku. Na farko suka ce littattafan jarrabawa kawai suke sayarwa. Na biyu mai kantin na waya, da hannu ya kore ta. Na uku wani ɗan ƙuƙumin shago ne kusa da wurin gyaran agogo, wata dattijuwa na tsugune tana shirya littattafai a kwali.

"Sannu da aiki, Mama. Ina neman wani littafi, ban san sunansa ba, amma akwai yarinya mai koriyar riga da jar buta..."

"A ƙofar jirgi," in ji matar, ba ta ko ɗago ba. Ta tura hannu can ƙasan kwalin, ta zaro shi.

Ina-Zuwa ta karɓa da hannu biyu. Ga ta nan, yadda Baba ya faɗa, har naɗin hannun rigar. Ta ɗauka za ta fi haka tsawo. Ga suna ɓaro-ɓaro a sama, ga sunan wadda ta rubuta a ƙasa. Ta karanta su sau uku a zuci don kada su gudu. Amma na ɗaya ne.

"Na ukun nake nema, Mama."

Sai a lokacin matar ta dube ta. "Kin karanta biyun? Ikon Allah. To ke ce ta farko da ta taɓa tambayata. 'Yata, babu na uku."

"Ya ƙare?"

"Ba a buga ba. Na ɗaya bai sayu ba, na biyu ya fi shi kwantai, kamfanin ya ce ya fasa. Na tambaye su da kaina. Wannan ma shi ya rage mini, shekara biyu yana shan ƙura. Ranar Alhamis motar ma'ajiya za ta zo ta kwashe kwalin nan, su niƙa."

"To yaya aka yi da yaron? Shi ne a taragon?"

"Wa ya sani? Sai dai ita mai rubutun, in ma ta rubuta."

Ba ta da abin saye, kuɗin mota ma da ƙyar. Ta miƙa littafin, matar ta mayar da shi ƙasan kwali. Ta fito titi, mutane na ta harkarsu, mai gyaran agogo na ta dariya da wani, ba wanda ya damu da cewa an bar yarinya tsaye da hannu a kan ƙofa har abada. Ta yi kuka a hanya, kukan haushi, irin wanda mutum ke yi yana tsaki.

A gida ta zazzage wa Baba komai a tsaye. "Da ma ba zai zo ba! Ba a saya ba, shi ya sa aka kawo muku. Da an saya, da ban taɓa ganinsa ba. Da ba ku niƙa su ba, wataƙila da wani ya gani ya saya. Duk ku ne!"

"Mu abin da aka kawo muke niƙawa," in ji Baba a hankali.

Ta sani. Sanin ne ma ya ƙara mata takaici. Ta ɗauki littattafan biyu ta cilla su bayan akwati, ta rantse ta daina karatu. Kwana uku ana kiranta tana amsawa nan take, ta yi shara, ta yi wanki, ba ta ƙona komai ba. Umma ta fara taɓa mata goshi ko zazzaɓi ne.

Ranar Alhamis Baba ya dawo da yamma, ƙirjin rigarsa a shafe. Ta kawo masa ruwan ɗumin ta ajiye, za ta juya ya ce ta tsaya.

"Yau mai butar ta zo hannuna. Guda ɗaya, a ƙasan wani kwali."

Ina-Zuwa ta juyo ta dube shi.

"Wata takwas duk kwalin da na buɗe sai na duba ko zan ga koriyar riga. Yau da na gan ta har gabana ya faɗi, na ce ko na ukun ne. Sai na ga babu wani sabon abu, na ɗayan ne." Ya dubi hannayensa. "Shugaba na tsaye a kaina. Na riƙe ta, na riƙe ta, sai na miƙa wa na kusa da ni, na ce zan je shan ruwa."

"Ya yage?"

"Ya yage mana. Aiki ne."

Ta zauna a dokin ƙofa kusa da shi. Shekara goma sha tara yana wannan aiki, ba ta taɓa jin ya miƙa wa wani littafi don ya yage masa ba.

"Ɗauko na biyun," ya ce. "Wurin ƙofar taragon nan, kullum ke da Ummanki kuna kaiwa nan sai ƙarar kwanuka ta hana ni ji."

Ta ja akwatin, ta zaro shi, ta kaɗe ƙura. Ta karanta masa babin ƙarshe, har yanzu haushin bai sake ta ba. Yarinyar ta bi tarago-tarago da butarta, ta isa na ƙarshe, ta ɗora hannu, ta ji tari. Ina-Zuwa ta tsaya, don babu sauran abin karantawa.

Ruwan robar har ya huce. Umma ta ƙwala mata kira daga kicin, ba wanda ya amsa.

"Tarinsa ne," in ji Baba. "Ni dai na ce nasa ne."