Fatar Albasar Malam Zane

Malam Zane yana tsaka da yanka albasa a kan teburin ɗakin malamai, hawaye shaɓe-shaɓe a fuskarsa, sai ga malamar lissafi ta shigo rungume da littattafan yara. Ta ja ta tsaya turus a bakin ƙofa.

"Subhanallahi! Malam, wa ya rasu?"

"Kimiyya nake yi," ya ce, yana goge ido da hannun riga.

"Au, yau kimiyyar taka har da kuka? To Allah ya ba da haƙuri. In ka gama ka ajiye min ragowar, an rage min cefane."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Shi ma ya taya su, amma tasa ta yaƙe ce.

Shekara ashirin da shida ke nan yana koyar da ilimin halittu. Yara ne suka laƙaba masa Zane, sunan kuwa ya bi shi har shugaban makaranta ma da shi yake kiransa. Bawan Allahn nan in ya riƙi alli ya zana maka zuciyar mutum, sai ka rantse yanzu za ta buga. Alli kala huɗu ba ya rabuwa da aljihunsa, matarsa ta yi mitar wanki har ta gaji ta sallama. Ƙwayoyin halittar albasa kuwa, ai ko ido rufe zai zana su, ya yi sau dubu in bai fi ba. Abu ɗaya ne babu wanda ya sani. Bai taɓa ganinsu da idonsa ba.

A makarantar da ya yi karatu, na'urar duba ƙananan halittu guda ɗaya ce tal, tana kulle a kabad ɗin shugaba. Sai ranar da baƙi za su zo ake fito da ita, a goge mata ƙura, a mayar. Nan inda yake koyarwa kuwa ko mai kama da ita babu, sai a hutun da ya wuce, da aka tara malaman kimiyya bita ta kwana biyar, aka ba kowace makaranta guda. Yara na ganinta suka sa mata Mai Ido Ɗaya.

A wurin bitar nan ne abin ya kwaɓe masa. Wadda ta zo horar da su ashe ɗalibarsa ce ta shekarun baya, yanzu ta zama Dakta. Tana hango shi ta taso da sauri, ta rusuna ta gaishe shi, sannan ta juya ga malamai arba'in ta ce, "Ga malamina. Zanensa ne ya sa na so kimiyya." Aka yi ta tafi raf-raf-raf. To, bayan wannan tafin, wane baki mutum zai buɗe ya ce bai iya ba? Da layin duba albasa a na'urar ya zo kansa ya kafa ido, babu abin da ya gani sai duhu da gashin idonsa. Ya gyaɗa kai kamar gaske ya ce, "Ma sha Allah, ga su nan reras." Ya koma ya zauna ya zano su daga ka. Zanen ya yi kyau har aka manna shi a bango don ƙananan malamai su yi koyi.

Yau Dakta za ta zo ta ga yadda malamai ke amfani da abin da suka koyo. Kuma ba aji mai ƙoƙari ta zaɓa ba, ajin ƙarin darasi na bayan tashi ta ce tana so, inda ake tara yara goma sha huɗu da suka faɗi jarrabawar zango. Tun safe sau uku Malam Zane yana laɓaɓawa ya leƙa Mai Ido Ɗaya. Duhun nan dai yana nan inda ya bar shi.

Ɗakin gwaje-gwajen da can sito ne. Har yanzu karyayyun kujeru na jibge a ƙuryarsa, taga ɗaya ce, ita ma rabinta wani tsohon kabad ya tare. Malam Zane ya ajiye na'urar a kan teburin da ke jikin allo, nesa da hannun masu ɓarna. Ya ɗora yankin albasarsa a kan ɗan siririn gilashi, yanki mai kauri sosai, don a ganinsa in abu ya fi yawa zai fi fitowa. Sannan ya yi dabarar da ya kwana yana saƙawa. Ya ɗauki alli ya zana ƙwayoyin a allo tun kafin yara su shigo, kowace da kusurwa huɗu cif, kowace da ɗan ɗigonta a tsakiya, ga kibiyoyi ga sunaye. Wanda ya ga wannan ai ya san abin da zai ce ya gani.

Dakta ta iso ƙarfe biyu da rabi. Shugaba ya so ya kawo mata kujerar ofishinsa, ta ce a'a, ta jawo wata mai ƙafa uku da rabi daga ƙurya ta jingina da bango.

"Malam, ka ɗauka ba na nan," ta ce tana murmushi.

Ina fa zai ɗauka ba ta nan! Ji yake idonta kamar a ƙeyarsa aka ɗaura shi.

"Ku yi layi," ya ce wa yaran. "Ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya duba, ya koma ya zana abin da ya gani. Ban da taɓawa."

Monita ne a gaba, wani dogo mai baki kamar rediyo. Ya sunkuya, ya runtse ido ɗaya, ya ɗago baki har kunne.

"Kai! Malam, na gani! Sak na allo!"

Malam Zane ya saki wata ajiyar zuciya. Ashe dai suna nan. Ashe idonsa ne ya tsufa. Na biyu ya duba ya ce ya gani. Ta uku ta ce har ɗigon tsakiyar ta gani. Na bakwai, don kada a bar shi a baya, cewa ya yi ya ga suna motsi. Kowa ya koma benci, ya ɗaga kai ya kalli allo, ya sunkuyar ya kwafa. Dakta kuwa rubutu kawai take yi.

Saura mutum ɗaya, wata 'yar firit da ke zama a bencin ƙarshe. Ban Gane Ba ake kiranta, saboda a jarrabawar da ta wuce, duk tambayar da ta gagare ta ba ta yi kame-kame kamar sauran ba, sai ta rubuta a ƙasa da kyakkyawan rubutu: ban gane ba. Sau tara ta rubuta. Malam Zane da kansa ya ba ta maki goma sha ɗaya, ya kuma karanta takardar a gaban aji aka sha dariya.

Ta yi ɗage don ta kai, ta kafa ido. Ta daɗe. Ta sauya ɗaya idon. Ta murza shi da bayan hannu, ta sake.

"Malam, ni dai duhu na gani."

Ajin ya ɓarke. Monita har da buga benci.

"An fara! Malam, ka ƙyale ta, ko giwa aka sa a ciki ba za ta gani ba!"

Maganar tana kan harshen Malam Zane: je ki zauna, ki kwafi na allo. Da ya faɗe ta shi ke nan, darasi ya ƙare lafiya, Dakta ta tafi da malaminta yadda ta san shi. Kafin ya buɗe baki yarinyar ta kalli 'yan ajin, ta kalli baƙuwar da ke ƙurya, idonta ya ciko. Ta sake sunkuyawa na ɗan lokaci, ta ɗago, ta gyaɗa kai a hankali.

"To... na gani, Malam. Ga su nan."

Malam Zane ya tsaya cak. Wannan gyaɗa kan ya san shi. Wannan muryar ma tasa ce, ta ranar bita. Yarinya ɗaya tal a ajin da ba ta iya ƙarya ba, ga shi yau a gabansa, a darasinsa, ta koya. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ta danne tsoron Dakta.

"Ba ki gani ba, 'yata," ya ce. Sai ya ɗaga murya. "Ba ki gani ba. Ni ma ban gani ba. Shekara ashirin da shida ina zana abin nan, wallahi ban taɓa ganinsa ba."

Ya juya ya dubi 'yan ajin ɗaya bayan ɗaya.

"To yanzu, tsakaninku da Allah, wa ya gani?"

Aka shiga kallon-kallo. Wanda ya ga suna motsi ya sunne kai ƙarƙashin benci. Monita ya sosa ƙeya.

"Malam, ni gaskiya gashin idona na gani."

Dariyar da aka yi wannan karon har da Dakta, sai da kujerarta ta nemi kayar da ita. Malam Zane ya juya gare ta, ya buɗe hannuwa.

"Dakta, asiri ya tonu. Taso ki koya wa malaminki."

Ta taso, amma ta maida hannuwanta baya, ta ƙi taɓa komai.

"Tambaya ɗaya zan yi muku. Ido ba ya gani sai da haske. To haske ta ina zai shiga?"

Yara suka kewaye teburin. Wani ya gano ɗan madubin da ke ƙasan na'urar, ga shi allo yake kallo. Nan take maza huɗu suka ture tsohon kabad daga taga, ƙura ta tashi, aka yi ta atishawa. Aka cicciɓi teburin aka kai jikin tagar, aka juya madubin har ya kamo rana. Monita ya leƙa ya ce yanzu duhun ya koma ruwan ƙasa, amma dai duhu ne.

"Malam," in ji Ban Gane Ba, murya ƙasa-ƙasa. "Ko albasar ce ta yi kauri? Akwai wata fata a ciki, siririya, mai manne wa mutum a yatsa. Kullum in ina yi wa mamata yanka sai ta dame ni."

Dakta ta ɗaga gira ta kalli Malam Zane. Shi kuwa ya miƙa wa yarinyar ragowar albasar da hannu biyu. Ta ɓare ɓawo ɗaya, ta sa farce ta zaro fatar, shara-shara har kana hango yatsanta ta ciki. Suka shimfiɗa a kan gilashin, ya ɗiga ruwan aidin don ya rina fatar kamar yadda takardar bita ta ce, ya rufe da ɗan ƙaramin gilashi.

"Ke za ki fara," ya ce. "Ki riƙa murza wannan a hankali. In ba ki gani ba, ki ce ba ki gani ba."

Ta murza. Ta ƙara murzawa. Can sai ta daka tsalle.

"Wayyo Allah! Malam, bulo ne! An jera su kamar katangar bulo!"

Ya cire tabarau, ya sunkuya. Fari ne fat da farko, sai ya taɓa mamurɗin kaɗan, sai ga su sun taso masa. Jere-jere, launin ruwan zuma, wata doguwa, wata gajera, wata ta karkace ta matse 'yar'uwarta. Ɗigon da ya yi shekaru yana sawa a tsakiya, ga shi a wasu ya raɓe can gefe abinsa. Ko ɗaya babu mai kusurwa huɗu cif. Kuma duk sun fi nasa kyau.

"Ikon Allah," ya ce. "Ikon Allah. Ashe haka kuke."

Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa. Bai san ya daɗe ba sai da ya ji ana ƙorafi a bayansa.

"Malam, layi fa! Kai ka ce ɗaya bayan ɗaya!"

Ya ɗago yana share ido.

"Malam kuka yake yi!"

"Albasa ce, ɗan nema. Wuce ka duba."

Yayin da yara ke turereniya, Dakta ta matso kusa da shi ta rage murya.

"Malam, in faɗa maka wani abu? Shekarata ta farko a jami'a, ni ma duhu na gani. Sai na zana naka daga ka, har da kibiyoyin. Sifili aka ba ni, aka rubuta min a ƙasa: wannan ba albasarki ba ce."

"Au! Ke nan ranar bita kin gane?"

"Zanen da na kwafa shekara uku? Ko a mafarki na gan shi na san shi."

"Amma kika manna shi a bango?"

"Ai yana da kyau, Malam," ta ce tana dariya. "Kuma na san zan zo."

An kaɗa ƙararrawar tashin ƙarin darasi, babu wanda ya ɗauki jaka. Malam Zane ya ɗauki magogi ya tsaya gaban zanensa, ya ƙare masa kallo, sannan ya share shi tas. Ya zaro alli daga aljihu ya miƙa wa Ban Gane Ba.

"Zana mana taki."

Ta fara. Layukan a karkace, wata ƙwayar ta yi ƙatuwa, har da wani baƙin zobe da Dakta ta ce kumfar iska ce ta maƙale. Yatsun Malam Zane suka shiga yi masa ƙaiƙayi, saura kaɗan ya karɓi allin ya gyara. Sai ya cusa hannuwan biyu a aljihu, ya zagaya ya tsaya a bayan Monita.

A haka malamar lissafi ta leƙo, jakarta a kafaɗa.

"Malam, ina ragowar albasata? Kai kuma me kake yi a layin yara?"

"Zagaye na biyu nake jira," ya ce. "In kina son gani, ki biyo bayana."