Abokan Zaman Daroga

Da matacin shayi Sulekha ta kwaso na ƙarshen, wani ɗan mitsitsin kifi mai jan layi a gefe, ya kife ciki sama. Cikin waɗanda maƙwabcinta Ghoshal ya ba ta jiya, biyu kawai ta tarar, matattu, suna yawo a saman ruwa. Sauran ba sai ta tambaya ba. Ga Daroga can kwance a bakin fasasshiyar tukunyarsa, ciki ya yi tulu, yana zare mata idanu.

"Ka ci ka ƙoshi ko? Mara kunya," in ji ta.

Tankin gilashin na ɗanta Bubai ne. Shi ya kamo Daroga da hannunsa a wani rafi can wajen Kanin, inda ruwan kogi ke gauraya da na teku ya zama zartsi. Irin kifin nan ne da ake kira bele, toka-toka mai ɗigon baƙi, wanda bai damu da iyo ba sai zaman ƙasa. Yadda yake tsare ƙofar tukunya kamar ɗan sanda ne ya jawo masa sunan, don a yarensu sufeton 'yan sanda ake kira haka. Bubai ya haɗa shi da wasu baƙaƙen kifaye guda uku da ake kira moli, su a sama shi a ƙasa, ba mai shiga harkar wani.

Da Bubai ya sami aiki a jirgin ruwa na dakon kaya, baram-baram suka rabu. Shi kaɗai gare ta, ba ta so tafiyar ba, har ta ce ranar da ya sa ƙafa ya fita za ta juye kifayen a kwata. Ya ajiye mata gwangwanin gishirin teku da cokali a kan taga, ya ɗauki jakarsa. Tun daga nan duk sanda jirginsu ya tsaya a wata tasha ya kira, gaisuwa ba ta yin nisa sai ya ce, "Ma, nuna min su." Ta juya wayar, ya yi ta kallo yana tambaya, ita tana mita, a haka hira ke tsawo. In babu kifayen, ba ta san me za su ce wa juna ba.

Ran Laraba aka ɗauke wuta tana can shagon ɗinki. Injin iska ya tsaya wuni guda cikin zafin nan na Kolkata, ta dawo ta tarar da moli ukun sun mutu. Ga shi Bubai ya turo saƙo cewa yau Lahadi zai kira da yamma.

Ta yafa gefen sarinta ta fito. A matakala ta yi kiciɓis da Ghoshal, da singileti, yana riƙe da jarida. Boudi yake kiranta, wato matar yaya.

"Boudi, ya 'yan yarana? Sun saba da sabon gida?"

"Sun saba sosai. Wasu ma har sun shige cikin mai gidan."

Ta wuce ta bar shi baki buɗe.

Kasuwar Lahadi ta titin Galif ta riga ta cika. Aku na ihu a keji, 'yan kwikwiyo na kuka a kwando, masu shuke-shuke sun tare rabin hanya. Ta kutsa har layin masu kifi, inda aka rataye ledoji cike da ruwa suna walƙiya a rana. Wani mai gashin baki ya tare ta tun kafin ta buɗe baki, yana kiranta Didi, wato yaya.

"Zo nan, Didi. Ga masu ruwan zinariya, ko a kofi kika sa su sai sun rayu."

"Ruwana da gishiri."

"Ai kifi kifi ne. Gishiri ma magani ne a gare su."

Haka Ghoshal ma ya ce jiya. Ta yi gaba. Na biyu ya nuna mata ƙaramin talibambam mai kore da ɗigo, kyakkyawa kamar abin wasa, har hannunta ya kai kan jaka. Sai ta lura ɗan'uwansa da ke cikin ledar ba shi da rabin wutsiya. Ta janye hannun. Zufa na bin bayanta, sai duba wayarta take yi, ko ya kira da wuri.

Can ƙarshen layi wata mata ke zaune a kan bokiti a kife, tana tauna ganyen pan mai rina baki ja, gabanta kwanonin roba da ruwa mai ɗan duhu. Anwara ta ji ana kiranta. Ba ta yi tallar komai ba, ta dai dubi Sulekha sama da ƙasa.

"Me ya mutu?"

Sulekha ta tsuguna ta faɗa mata komai, har cikin Daroga.

"Bakinsa kamar yaya?"

Ta gwada da yatsu biyu.

"To duk abin da zai shiga nan abinci ne, Didi, ba aboki ba. Ba mugunta ba ce, haka Allah ya yi shi."

Sulekha ta nuna wani bele a kwano. "In na kai masa ɗan'uwansa fa? Ko ba komai zai ga irinsa."

"Tukunya nawa ke cikin tankin?"

"Ɗaya."

"Kin ga dambe kenan. Ƙasa tasa ce, nemo masa masu zaman sama." Ta tofar da jan yawu gefe. "Waɗancan masu zane suna son zartsi, amma kafin damina biyu sun kai girman faranti, sai kin ba su ɗakinki. Waɗannan masu kama da gilashi ba su da fitina, sai dai abinci mai motsi kawai suke ci. Za ki iya kiwon tsutsa?"

"Ni da ko ƙwai ba na son fasawa?"

"To koma wa moli. Manya, ba 'ya'ya ba."

Ta jawo wani kwano. Akwai farare, akwai masu dabbare-dabbare, baƙaƙen ƙalilan ne. Sulekha ta duƙa tana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Baƙaƙe nake so. Ɗaya kuma ya zama mai tsagaggiyar wutsiya, da ɗan fari a ƙarƙashin haɓa."

Anwara ta daina tauna. "Wa za a yi wa wayo? Miji?"

"Ɗa."

"Ƙarami?"

"Ya kusa talatin."

Matar ta yi dariya har jan haƙoranta suka bayyana. "Mai kiwon kifi ya fi sanin fuskar kifinsa da ta matarsa. Amma kuɗinki ne." Ta kamo baƙaƙe uku ta ɗaure a leda. "Ruwana bai kai naki gishiri ba. Kada ki juye su kai tsaye. Sa ledar ta yi iyo a tankin, ki riƙa zuba mata ruwanki cokali-cokali. In kika yi gaggawa, mako mai zuwa ina nan."

A bas ba ta sami wurin zama ba. Ta rungume ledar a ƙirji, ta lulluɓe ta da sari saboda rana, duk birkin da direba ya taka sai ta ji kifayen sun bugi hannunta. Wajen Shambaza suka tsaya cak, wani jerin gwanon biki ya tare titi. Ta sauka ta ƙarasa a ƙafa, rabi tafiya rabi gudu.

Ledar na iyo a tankin, cokali na hannunta, wayar ta yi ƙara. Ta tsaya a gaban tankin ta kare shi da jikinta kafin ta ɗauka.

Bubai ya yi baƙi, ya ɗan rame. Bayansa wasu manyan ƙarafa ne da fitilu. Suka gaisa. Ta jira ya ce ta nuna masa, ta ma shirya abin da za ta ce, cewa gilashin ya yi datti. Bai ce ba. Sai sosa ƙeya yake yi.

"Ma, kamfani sun ba ni aiki a tudu, a Mumbai. Ba sauran teku."

Ta dafa teburin tankin. "Mumbai ai jirgin ƙasa na zuwa."

"Yana zuwa. Amma can zan zauna. Kuma... akwai wata. Hetal. Ina so ki gan ta." Ya yi sauri ya ci gaba kafin ta yi magana. "Tankin nan kuma na ɗora miki wahala ba gaira ba dalili. Ki ba Ghoshal, ko ki sayar. Na san ba kya so."

A bayanta injin iska na ta ɓuɓɓuga.

"Ghoshal," ta ce. "Mutumin da bai san kifin zartsi da na rijiya ba."

Ta matsa gefe ta juya wayar. Ya ga ledar, ya ga baƙin kifaye uku da bai sani ba. Ta faɗa masa zancen wutar a taƙaice, ba ta ba da haƙuri ba, shi ma bai nema ba.

"Ke kika je Galif? Ke kaɗai?"

"Da wa zan je? Kuma tukunya ɗaya ta yi kaɗan, tun farko ba ka yi tsari ba. Zan ƙaro." Ta ɗebi ruwa da cokali ta zuba a ledar. "Ita yarinyar, ta iya dafa kifi da miyar mastad irin tamu?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Ba ta cin komai mai rai, Ma. Ko ƙwai."

Sulekha ta daɗe tana kallon fuskarsa a wayar. Tambayoyi sun cika mata baki, 'yar wace ce, wane yare, wa zai riƙa ciyar da shi. Ta haɗiye su.

"To," ta ce. "Kar ka kashe. Riƙe min layin, yanzu zan sake su, ka gaya min in Daroga ya tasar musu."

Ta jingina wayar da gwangwanin gishiri, ta fara kwance bakin ledar.