Lemon Wakayama

Shekara uku Raki ta yi a wani ƙaramin flat a unguwar Hulme a Ingila tana rubuta PhD a kan irin ƙasar noma da lemo ke so, kuma rabin takardun da ta karanta a kan Wakayama suke, wani yanki na bakin teku a Japan. Sau biyu ta nemi jami'a ta tura ta can bincike, sau biyu aka ce a'a.

Sai ga ƙanwarta Bilqis, wadda ko tukunyar fure ba ta taɓa rayawa ba, ta je. Mijinta Dakta Aminullahi ne aka gayyata conference a Osaka, ta bi shi, suka ƙara kwana biyar suna yawo a Wakayama.

Da suka dawo Bilqis ta matsa sai Raki ta zo gidansu a Birmingham. Ranar Asabar ta hau bas ta isa unguwarsu, Balsall Heath, ta tarar da falo cike da matan unguwa, ana haska hotuna a talabijin.

"Ku ga gonakin lemonsu," in ji Bilqis. "Hawa-hawa a jikin dutse kamar matakala, ga teku a ƙasa. Wallahi Nuwamba ne amma ko coat ban sa ba."

"Igiyar ruwa mai ɗumi ce ke bi ta gaɓar," Raki ta ce. "Kuroshio."

"Oh, ashe! To ga wani ruwa da ke zubowa daga saman dutse, na manta sunansa."

"Nachi," in ji Raki.

"Sai wani beach mai farin yashi, ga ruwan zafi na fitowa daga ƙasa..."

"Shirahama. Ke wai me kika je yi ne, in ba ki riƙe sunan ko'ina ba?"

Wata dattijuwa, Hajiya Turai, ta dubi Raki ta ce, "Ke ma kin je kenan, 'yata?"

"A'a, Hajiya."

"Ikon Allah. To ai gani ya kori ji."

Aka yi dariya, ba da mugunta ba, amma Raki ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta tashi ta shige kicin. Bilqis ta biyo ta da wata 'yar kwalba.

"Yaya, ga tsarabarki. 'Ya'yan itace ne da suke jiƙawa da gishiri, sun fi tsamiya tsami. Ke kaɗai na kawo wa."

Raki ta karɓa, tana juya kwalbar. Akwai abu ɗaya da takardu ba su faɗa mata ba, ta daure ta tambaya.

"Ƙasar gonakin, kin taɓa ta? Yaya take a hannu?"

Bilqis ta ɗan yi tunani. "Gaskiya ban sauka daga mota ba. Takalmina fari ne."

Raki ta dube ta. Ta so ta yi faɗa, ta rasa laifin da za ta kama.

An shirya mata ɗakin kwana, amma ana idar da la'asar ta ce tana da aiki a lab gobe da sassafe. Kowa kuwa ya san gobe Lahadi ce. Bilqis ta rako ta har bakin titi, tana cewa in Allah ya yarda baɗi tare za su koma.

"Allah ya kai mu," in ji Raki, ba ta waiwayo ba.

Sati biyu Bilqis tana kira, Raki tana tura mata saƙo cewa aiki ya yi yawa.